Kwalaben Humra Uku a Ɗakina

Kafin kowa ya ce Mairama ta yi rawar kai, ina so ku ji yadda abin ya faru daga bakina. Ni ban je neman kowa ba. Ina tsaye a bakin injina, sanye da shuɗiyar rigar aiki a kan atamfata, hannuna duk gam, lamarin ya zo ya same ni.

Shekarata ashirin da huɗu. Gidanmu yana Panshekara, aiki kuma ina yi a wani kamfanin ɗab'i a Sharada, a sashen ƙarshe. Sitikar nan da kuke gani a jikin robar zoɓo ko kwalbar zuma, idan ta fito daga injin bugawa tsirara take. Ruwa ya taɓa ta ta jiƙe, rana ta doke ta ta koɗe. Ni ce mai zaɓa mata suturar da za ta kare ta. Wata banish ake shafa mata, wani ruwa ne da fitilar inji ke busarwa nan take. Wata a lulluɓe ta da siririyar leda mai sheƙi. Wata kuma a sa mata leda marar sheƙi, wadda muke ce wa mat. Shekara uku ina wannan aikin, kuma ina son sa yadda ba na iya yi wa mutanen gidanmu bayani.

A satin da nake ba ku labari, Baba ya ba ni wa'adi zuwa Juma'a. Yaya Lawan, ɗan amininsa, ya shekara guda yana zuwa wajena. Yana da manyan motoci biyu a Dakata, ba ya wasa da sallah, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Idan kuna jira in faɗi aibunsa, babu. Sharaɗinsa ɗaya ne tak: ranar da aka kawo lefe, ranar zan ajiye aiki.

"Matata ba za ta riƙa tsayuwa a titi tana jiran motar kamfani ba," haka ya ce, kuma da murmushi ya faɗa.

Baba ya ce magana ta yi tsawo, iyayen yaro suna son jin matsaya. Na ce to.

Ranar Litinin da hantsi manajanmu ya leƙo sashenmu, wani mutum yana biye da shi.

"Mairama, ga baƙo. Duba masa matsalarsa."

Dogo ne, ba fari ba, sanye da yadi ruwan toka wanda ya sha guga, hularsa ta ɗan karkata kamar da sauri ya ɗora ta. Akwai baƙin mai a gefen farcensa, irin wanda sabulu ba ya fitarwa. Ya yi sallama, ya zaro wani abu naɗe a hankici ya ajiye a kan teburina.

"Malama, an ce ke ce likitar sitika."

"Wa ya ce?"

"Manaja."

"Ya ƙara gishiri."

Ya warware hankicin. Wata 'yar kwalba ce ta humra. Sitikar jikinta ta narke, rubutun ya zubo kamar kwallin wadda ta sha kuka, hoton furen ya zama wani baƙin tabo. Amma ƙamshin! Sashenmu kullum warin tawada da gam yake, har a mafarki ina jin sa. Cikin minti ɗaya ƙamshin nan ya kore shi. Akwai sandal a ciki, akwai wani abu mai ɗumi kamar kanumfari, sai wani can ƙasa da ban san sunansa ba. Anti Saudat, wadda muke aiki tare, ta ɗago kai daga injin yanka ta ce, "Wace amaryar ce ta shigo?"

Ya ce sunansa Muhyiddeen. Gyaran inji yake yi a wani kamfanin alewa a Bompai. Humrar ta mahaifiyarsa ce, Hajiya Rabi, a Zawaciki. Shekara ashirin da biyar tana haɗawa ba ta taɓa manna komai a jikin kwalba ba, masu saye sun san ƙofar gidanta. Shi ne ya matsa mata a yi sitika don wani shago a Abuja ya karɓa. Aka buga a wani waje, aka tura. Sai ga kira: tawadar ta zuba a cikin akwatin wata amarya, ta ɓata mata farin leshi.

"Hajiya ba ta yi mini faɗa ba," ya ce, yana juya kwalbar a hannunsa. "Da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, sunanta ne a jikin abin da ya sa 'yar mutane kuka. Tun ranar ba ta sake kunna kaskonta ba. Mai shagon ta ce za ta ba mu dama ɗaya, nan da sati biyu."

Na ɗauko littafin samfur na buɗe masa. Ya wuce banish, ya wuce mai sheƙi. Da ya zo kan mat sai ya tsaya, ya shafa ta da yatsa a hankali.

"Wannan nake so," ya ce. "Ba ta da surutu."

Ku yi mini adalci. Shekara uku ina nuna wa mutane littafin nan, kowa tambayarsa wacce ta fi ƙyalli, wacce za a hango daga nesa. Ni kuwa tun ranar da na fara aiki mat nake so, ban taɓa samun kalmar da zan faɗi dalili ba. Sai ga wani daga Bompai ya faɗa a taƙaice.

Na daure na ce, "Malam, ba a zaɓa da ido. Humra mai ce, shi kuwa mai ba ya jin roƙo. Waccan da aka yi muku takarda ce, shi ya sa ya bi ta gefe ya shige. Ta roba za mu buga. Suturar kuma, ka kawo mini kwalabe uku, ka ba ni zuwa Alhamis."

"Me za ki yi da su?"

"Zan wahalar da su."

Ya yi dariya, ba mai ƙara ba. Kafin a tashi aiki ya dawo da kwalaben, ya karɓi lambata don in riƙa sanar da shi.

Gida na tafi da su, domin humra ba a kamfani take zama ba. A kan madubi take zama, a cikin jaka, a hannun da ya gama shafa mai. Na manna wa kowacce sitikarta, ɗaya banish, ɗaya mai sheƙi, ɗaya mat, na jera su a gaban madubina, tsakanin kwalbar kwalli da gwangwanin hoda, inda rana ke faɗowa ta taga da safe. Kullum idan na idar da sallar asuba sai in ɗiga humra a wuyan kowacce, in bar ta ta gangaro, in murza da babban yatsa sau ashirin. Sannan in jefa su a jakata tare da makullai su sha gwagwarmayar hanya.

Ɗakina ya canja. Labulen ya kama, zanin gadon ya kama, hijaban da ke rataye bayan ƙofa duk suka kama. Da safe idan motar kamfani ta bi ta wajen majemun Challawa kowa toshe hanci yake yi. Ni sai in ɗan zuge jakata in sunkuyar da kai. Sai in ga kaina a wani tsakar gida da ban taɓa shiga ba, an share shi tas, hayaƙi yana tashi daga kasko, wata dattijuwa tana juya wani abu a tukunya, ni kuma ina zaune a kujera 'yar tsugunne ina manna sitika ɗaya bayan ɗaya, wani yana miƙo mini kwalabe. Ban taɓa barin kaina in kalli fuskar mai miƙowar ba. Amma na san hannun.

Ranar Talata da azahar saƙonsa ya shigo.

"Salam Malama. Yaya marasa lafiyarki?"

Na ɗauki hoto na tura. "Banish ya fara jin jiki. Duba gefen, ya dusashe."

"Allah ya ba shi lafiya. Mat fa?"

"Tana nan da ƙafarta."

"Ki kula mini da ita."

Kalma biyar. Na karanta su a bakin inji, na karanta a wajen alwala, na karanta ina cin ɗanwake har Anti Saudat ta ce idan ba zan ci ba in turo mata kwanon. Na san sitika yake nufi. Wallahi na sani. Amma zuciya ba ta karatu yadda ido yake yi.

Daga nan hirar ta ɗan zarce sitika. Ya tambaye ni daga ina nake zuwa, na ce Panshekara. Ya turo hoton wani inji da ya kwance, ya ce tun safe yake lallashinsa. Na tambaye shi ko ba ya gajiya da ƙarar inji. Ya ce ranar da babu aiki kunnensa kewa yake yi. Na daɗe ina kallon wannan ma.

Ranar Laraba da yamma ina ninke kaya Umma ta ɗaga labule. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta ja numfashi, ta sake ja. Idonta ya sauka a kan madubi.

"Humra ce wannan?"

"Umma, ta aiki ce. Gwaji nake yi."

Ta ƙaraso ta ɗauki ɗaya ta buɗe, ta shinshina, ta lumshe ido. Rabon da in ga fuskarta ta saki haka tun bikin yayata.

"Budurwa ba ta ajiye humra a ɗaki sai ta gama shawara da zuciyarta," ta ce.

"Wallahi Umma sitikar nake dubawa."

"Eh, sitika. Ni ma da za a kai ni gidan babanku cewa na yi turaren na ƙawata ne." Ta dafa kafaɗata. "Kunya ado ce. Ba sai kin faɗa ba, na ji."

Ta fita tana gyara ɗankwali. Ina jiyo ta a tsakar gida tana yi wa Baba magana ƙasa-ƙasa. Da na fito ɗibar ruwa Baba ya dube ni daga kan tabarmarsa ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Mairama." Na ce amin. Na koma ɗaki na zauna a bakin gado, ƙamshin da nake so ya yi mini nauyi a ƙirji.

Alhamis da safe na ɗaga kwalaben a hasken taga. Banish ya gama yawo, gefensa ya cinye, launin ya tashi. Mai sheƙi na goge ta da gefen zani, ta fito fes kamar yanzu aka manna. Sai mat. Rubutunta bai motsa ba, ba ta ɓare ba. Amma duk inda mai ya bi ya bar mata duhun sawu, ga shatin yatsana a tsakiya. Na goge, na sake gogewa, ya ƙi fita duka.

Ba zan ɓoye muku ba, na yi tunanin in ce masa gwajin bai kammala ba, in ƙara kwana huɗu. Kwana huɗu na "yaya marasa lafiyarki". Na faɗa wa Anti Saudat, ina yi kamar wasa. Ba ta yi dariya ba.

"Tsohuwa tana can ta kashe kaskonta, ke kina nan kina jan kwana," ta ce. "Idan yana son dalilin zuwa, shi zai nemo. Ba aikinki ba ne."

Ya zo lokacin hutun azahar, wannan karon da rigar aikinsa, da alama daga Bompai kai tsaye ya taho. Na jera masa su a kan farar takarda. Ya ɗauki mat ya daɗe yana kallo.

"Ba ta lalace ba," ya ce.

"Ba ta lalace ba. Amma mace za ta ɗauka a shago ta ga kamar an taɓa amfani da ita. Sunan Hajiya ne a jiki."

Ya ajiye ta a hankali. "Na so ta ci."

"Ni ma."

Ban yi niyyar faɗa ba, fitowa ta yi. Ya ɗago ya dube ni, ni kuma na shiga gyara takardar da babu abin da ya same ta.

"A yi mai sheƙin," ya ce. "Abin da kika ce shi za a yi." Ya sa hannu a takardar aiki, ya mayar mini da biro, amma bai tafi ba. Injin yanka yana ta sara a bayanmu. "Jiya na nuna wa Hajiya hotunan da kike turowa. Ta ce wace ce wannan da ta ɗauki kayanta da daraja haka. Yau da safe na tarar ta jiƙa sandal."

"Alhamdu lillahi."

"Malama Mairama." Karo na farko ke nan da ya kira sunana. "Idan an gama aikin nan ba ni da sauran hujjar turo miki saƙo, kuma ba na son in ƙirƙiro ta ƙarya. Akwai wanda ya riga ni ne?"

A nan ya kamata in ce eh. In ce akwai wani, sunansa kaza, shekara guda yana zuwa, gobe ake jiran amsata.

"Akwai magana a gida," na ce. "Gobe Juma'a zan san inda ta tsaya."

Ya gyaɗa kai. "Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Zan jira."

Ya tafi ya bar mini kwalaben, ya ce Hajiya ta ce tukwici ne.

Juma'a rabin wuni muke yi. Na yi aikinsu da kaina, na tsaya a kan injin leda har naɗin ƙarshe ya fito, sunan Hajiya Rabi yana ta wucewa ta gabana yana ɗaukar ido. Na dawo gida na yi wanka, na sa atamfata ruwan ganye. Bayan an sauko daga masallaci Baba ya ci abinci, ya sa aka kira ni. Yana zaune a inuwar darbejiyar tsakar gida, Umma tana gefe tana tsince shinkafa, tana murmushi ita kaɗai.

Na durƙusa. "Baba, ku yi haƙuri. Humrar nan ta aiki ce, kamar yadda na faɗa. Ban yanke shawarar da Umma take zato ba."

Hannun Umma ya tsaya a cikin tire.

"Yaya Lawan mutumin kirki ne. Amma idan na ce zan ajiye aikina da daɗin rai, ƙarya na yi muku, kuma ƙarya na yi masa. Ba na so in shiga gidan mutum da ƙarya."

"Aikin manna takarda?" Umma ta ce. "Shi za ki aura?"

Baba ya ɗaga mata hannu. Shekara ashirin da takwas ya yi a majema a Challawa, har yau tafin hannunsa kamar ƙirgi yake.

"Ranar da aka sallame mu," ya ce, "wata uku ina tashi da asuba in sa takalmi, sannan in tuna babu inda zan je. Na san abin da kike faɗa." Ya numfasa. "Aikin ne kawai, ko akwai wani abu bayansa?"

Na sunkuyar da kai. "Akwai wanda ya tambaya, Baba. Jiya. Ban ba shi amsa ba."

Umma ta ajiye tiren ta shige ɗaki.

"Ba zan yi miki dole ba," Baba ya ce. "Amma yaron nan shekara guda yana cire takalmi a ƙofar gidana, ubansa kuma tare muka tashi. Ba ni zan faɗa masa ba. Ke za ki faɗa masa da bakinki, yau. Ya cancanci wannan."

Bayan la'asar wayata ta yi ƙara. Yaya Lawan ne, yana waje. Na jawo hijabi daga bayan ƙofa na zura, na shimfiɗa tabarma a zaure. Ya shigo da farar shadda, ya ajiye ledar lemo da ayaba a gefe kamar kullum, ya tambayi jikin Umma da ƙafar Baba. Na gaishe shi na zauna daga can ƙarshen tabarmar. Duk kalmomin da na shirya suka tsere.

"Yaya Lawan, akwai maganar da nake so..."

"Tsaya." Ya ɗan juyo, ya ja numfashi. Fuskarsa ta yi wani irin laushi. "Wannan humrar Gwaggo Rabi ce."

Na dubi hijabin da ke jikina.

"Ko a cikin dubu zan gane ta. Ƙanwar mahaifina ce. Da mahaifiyata ta rasu a hannunta na yi shekara bakwai, da ƙamshin nan nake barci." Ya yi murmushi. "A ina kika samo? Ba ta sayar wa 'yan mata."

"A wajen aiki. Sitika muka yi musu."

"Sitika," ya maimaita.

Na ga lokacin da murmushin ya fara janyewa, a hankali, daga idonsa ya fara. Ya kalli hijabina, ya kalli ledar lemon, ya kalli ƙasa.

"Jiya da yamma Muhyiddeen ya same ni a Dakata," ya ce. "Ƙanina ne, katifa ɗaya muka kwana. Tunda nake da shi bai taɓa yi mini maganar mace ba. Ya ce ya ga wata a Sharada, bai san ko za ta yiwu ba, amma idan ta yiwu ni yake so in shige masa gaba. Har tsokanarsa na yi. Na ce ya turo mini sunanta da unguwarsu yau bayan la'asar, in fara yi masa bincike."

Wani babur ya wuce ta ƙofar gida. A cikin gida ina jiyo Umma tana zuba ruwa a tukunya.

Sai wayarsa ta yi ƙara a aljihu, ƙarar shigowar saƙo. Ya zaro ta, ya ga sunan wanda ya turo, bai buɗe ba. Ya kifa ta a kan tabarma, ya turo ta tsakiyarmu da yatsa biyu.

"Mairama," ya ce, muryarsa a kwance kamar kullum, "in buɗe, ko za ki riga shi faɗa mini?"